Noti Huɗu da Ran Fasinja

Akwai wata magana da ta kama bakin masu motoci daga Jega zuwa Aliero har Maiyama, musamman tun da kayan gyara suka yi tashin gwauron zabi: wai sauya ƙofar mota ba wani aiki ba ne, noti huɗu ne kawai. Mai mota ya samo ƙofa ta hannu, ya ari sifana, ya kira ƙanensa ya tallafe masa, ya kalli bidiyo a waya, kafin la'asar an gama, kuɗin bakanike ya zauna a aljihu. Maganar tana da daɗin ji, kuma rabinta gaskiya ne. Ɗaya rabin da ba a faɗa shi ne wanda ke iya cin rai.

Cire ƙofar da ta lotse a ɗaura lafiyayya gyara ne na hankali, sau da yawa ma ya fi a tasa tsohuwar a gaba da guduma da wuta. Babu kuma aibi ga mutum ya iya taɓa motarsa da hannunsa. Abin da ba shi da hujja shi ne a ɗaura ƙofa da ka, ba tare da sanin aikin da take yi ba, sannan a shiga tasha a loda mutanen da ba su san yadda aka ɗaura ta ba. Wanda ya yi haka caca ya yi, kuma jarin da ya zuba ba nasa ba ne, ran wanda ya jingina da ƙofar ne.

Abin da ke cikin “murfi”

Bahaushe kan kira ƙofar mota murfi: a buɗe murfin mota, a rufe murfin mota. Kalmar ba ta da laifi a hira, amma tana ɗauke da wani tunani. Murfi abu ne da ake kifawa a kan tukunya don kada ƙura ta shiga, in ya ɓace kuwa, duk wanda ya yi daidai da bakin tukunyar sai a kifa shi. Waɗanda suka ƙera mota ba haka suka ɗauki ƙofa ba.

Fallen ƙarfen nan na waje mai sheƙin fenti, wanda mai saye ke shafawa da hannu yana taya kuɗi, shi ne mafi rauni a jikin ƙofa, domin kaurinsa bai kai milimita ɗaya ba. Ƙarfin ƙofa yana ciki, inda ido ba ya gani. Akwai sandar ƙarfe mai tauri da aka gitta daga gaba zuwa baya, aikinta ta karɓi duka ta miƙa shi ga ginshiƙan motar maimakon haƙarƙarin mutum. Akwai hinji biyu da ke riƙe ƙofar daga gaba. Akwai makulli mai hawa biyu da ke cafke wani ƙarfe da aka ɗaure a jikin ginshiƙi. Shi ya sa in aka tura ƙofa a hankali ake jin “ƙas” sau biyu: na farko kamun wucin gadi ne, na biyu shi ne cikakken kamu.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan da aka sa don ado. A shekarun 1950, masu bincike na Jami'ar Cornell a Amurka suka bi diddigin haɗurran motoci, suka gano cewa ƙofofi suna buɗewa lokacin karo, kuma wanda mota ta watso waje ya fi wanda ya zauna ciki shiga haɗarin mutuwa nesa ba kusa ba. Kamfanin Ford ya fito da makulli mai ƙarin riƙo a motocinsa na 1956. A 1968 gwamnatin Amurka ta kafa ƙa'ida a kan ƙarfin makulli da hinji, a 1973 kuma ta wajabta ƙarfafa ƙofa don jure duka daga gefe. A ƙarƙashin ƙa'idar makullin, dole ne cikakken kamu ya jure ja mai ƙarfin da ya haura tan ɗaya, wato kamar a rataya masa buhu 11 masu kilo 100 kowanne, bai saki ba. Turai ta fara aiki da nata gwajin a 1998, inda ake rugo da wani amalanken ƙarfe mai kilo 950 a gudun kilomita 50 a awa, ya daki gefen motar. Kamfanin Volvo kuwa tun 1994 ya fara sa jakar iska ta gefe.

Dalilin wannan wahala ɗaya ne. In mota ta yi karo ta gaba, akwai inji da dogon hanci da za su murƙushe su shanye ƙarfin dukan kafin ya iso ga mutum. In ta gefe aka dake ta, tsakanin mutum da abin da ya dako shi bai fi taƙi ɗaya ba. Abin da ke cikin wannan taƙi ita ce ƙofa.

Hanyar da ƙofar za ta bi

Mai yiwuwa wani ya ce wannan lissafin Turawa ne. Amma ƙofar da aka ɗaura a gindin dogon yaro a Jega ba a ɗaki za ta zauna ba. Babbar hanyar tarayya da ta taso daga Legas ta biyo ta Ilori da Kwantagora da Yawuri da Koko, ita ce ta ratsa Maiyama ta shiga Jega, ta wuce Aliero da Tambuwal zuwa Sakkwato. A Jega ne kuma hanyar Birnin Kebbi ta haɗu da ita. Tankokin mai da tireloli da manyan motocin da ke kwasar albasar Aliero zuwa kudu a lokacin kaka, duk a kanta suke gogayya da ƙananan motocin haya da babura da amalanke. Inda hanyoyi suka haɗu, inda ake fitowa daga kasuwa ko lungu a hau kwalta, nan ne dukan gefe ya fi aukuwa. Ƙarfin duka kuma ba daidai da gudu yake ƙaruwa ba: in gudu ya ninka biyu, ƙarfin karon ninki huɗu yake yi. Gwajin Turai a kilomita 50 aka yi shi, alhali a kan wannan hanya ba kasafai direba ke tsayawa a 50 ba.

Sai kuma yadda ake lodi. Duk wanda ya taɓa shiga motar haya a wannan yanki ya san tsarin: mutum biyu a kujerar gaba da aka yi don mutum ɗaya, huɗu a baya inda aka yi wa uku wuri. A irin wannan zama bel ba ya ɗauruwa. Fasinjan da ke gefe ba kusa da ƙofa yake ba, a jikinta yake kwance, nauyin sauran kuma yana danna shi a kanta a duk kwanar da aka sha. A motar da kowa ya ɗaura bel, ƙofa kariya ce ta biyu. A motar haya ta Jega zuwa Koko, ita ce kariya ta farko kuma ta ƙarshe.

Ga shi yawancin motocin tsofaffi ne. Golf 3, wadda har yanzu ake lodi da ita a tashoshin Arewa, a 1991 ta fara fitowa, shekara bakwai kafin gwajin Turai ya fara aiki. Ɗan abin da irin waɗannan motoci suke da shi na kariya bai kai a yi wasa da shi ba. Mai ƙaramin jari ya fi kowa buƙatar tsimi.

Kama da wane ba ta wane

Kuskuren farko a wurin saye ake yin sa. Ƙofofin da ake samu na hannu ne, an kwance su daga motocin da suka yi haɗari ko suka tsufa, a nan gida ko a ƙetare, suka biyo ta kasuwanni irin su Ladipo a Legas, Panteka a Kaduna da Ƙofar Ruwa a Kano. Mai saye yakan tafi da suna ɗaya a baki: ƙofar Golf, ƙofar Honda, ƙofar Corolla. Suna kuwa ba ya ɗaura ƙofa.

Golf mai ƙofa biyu a gefe ɗaya da mai ƙofa ɗaya a gefe ba tsawon ƙofar gabansu ɗaya ba. Honda Accord ta 2003 da aka yi wa kasuwar Amurka da wadda aka yi wa kasuwar Turai a shekarar, suna ɗaya suke amsawa amma jikinsu daban ne gaba ɗaya. Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama ranar 2 ga Afrilu 1972, saboda haka sitiyarin motocinta a hagu yake. Ƙofar da aka kwanto daga motar Ingila ko Japan, inda sitiyari ke dama, maɓallan gilashi da wayoyinta da ramin makullinta an tsara su ne don direban da ke ɗaya gefen. A ɗaya ɓangaren kuma, Volkswagen Sharan da Ford Galaxy da SEAT Alhambra na farko a masana'anta ɗaya aka ƙera su a Fotugal, kuma sassan jikinsu da yawa suna shiga na juna. Wato akwai masu suna ɗaya da ba sa haɗuwa, akwai masu suna daban da ke haɗuwa. Wannan ilimi ne, ba a gane shi da kallo. Hanyar da ta fi tabbas ita ce a bi lambar shasi mai alamomi 17, wadda ke faɗin ƙirar motar da inda aka yi ta, ko kuma a jera tsohuwar ƙofa da sabuwa a gwada ramukan hinji da wurin makulli da bakin wayoyi ɗaya bayan ɗaya.

Abin takaici shi ne abin da ake yi in ƙofar ta ƙi shiga. Ba a mayar da ita. An riga an biya kuɗi, an biya mota ta kawo ta. Sai a faɗaɗa ramin hinji da abin huda ƙarfe, a cusa wasa, a lanƙwasa baki da guduma, in ta ƙi a kira mai walda ya ɗiga mata wuta. A ƙarshe ƙofa ta rufu, kowa ya yi murna. Amma ramin da aka faɗaɗa ya rage naman ƙarfen da noti zai kama, kuma ɗigon walda ba a taɓa gwada shi da nauyin tan ɗaya ba.

Inda notin huɗu suka ƙare

A ce ma an dace da ƙofar da ta yi daidai. Kwance noti da mayar da su shi ne mafi sauƙin aikin. Wahalar tana wajen saiti.

Ƙofar ƙaramar mota da gilashinta da injin ɗaga shi takan kai kilo 20 zuwa 30, wani lokaci fiye. In ba a yi wa hinji alama ba kafin a kwance, in ba a tallafe ƙofar da jak ko da hannun mutum na biyu ba, za ta zauna a sunkuye. Sunkuyawar milimita kaɗan ta isa ta sa makulli ya daina haɗuwa da ƙarfen da yake cafkewa ta tsakiya. Daga nan sai ƙofa ta riƙa hawa kan ƙarfen kafin ta rufu, ko ta tsaya a kamun farko alhali mai rufewa yana zaton ta kama. Wanda ya san aiki hinji yake fara saitawa har ratar da ke kewaye da ƙofar ta daidaita sama da ƙasa, sannan a ƙarshe ya taɓa ƙarfen makullin kaɗan. Wanda bai sani ba ƙarfen makullin yake fara turawa sama ko ƙasa har ƙofar ta rufu, ya bar nauyinta ya koma kan makulli. Kwana kaɗan a kan ramukan hanya, haƙoran makullin sun cinye. Alamar ita ce wadda kowane fasinja ya sani: ƙofar da sai an ɗaga ta, ko sai an buga ta sau uku, ko wadda yaron mota ne kaɗai ya san sirrin buɗe ta daga waje.

Mutanen Aliero ba sa buƙatar dogon bayani a kan wannan. Bayan albasa, garin ya yi suna wajen ɗori, har daga nesa ake kawo masu karaya. Kowa ya san ɗaure kara a ƙafa ba shi ne ɗori ba; ɗori shi ne mayar da ƙashi mazauninsa kafin a ɗaure, kuma hannun da ya iya haka shekaru ya yi yana koyo a gaban na gaba da shi. Ƙashin da aka ɗaure a karkace yakan haɗe, mai shi har ya taka, amma ranar da aka ɗora masa nauyi ake gane aikin da aka yi. Babu wanda zai kalli bidiyo na minti goma ya ce a kawo masa ƙafar ɗansa.

A motocin da suka fi sabunta akwai ƙarin abin lura. Da yawa daga cikinsu suna da wata 'yar na'ura a cikin ƙofa mai auna matsin iska. In an daki ƙofar, cikinta yakan matse, iska ta takura, na'urar ta sanar da kwamfutar mota ta fasa jakar iska ta gefe kafin ƙiftawar ido. Wannan yana aiki ne kawai in cikin ƙofar a toshe yake yadda aka ƙera shi. Wanda ya yage ledar da ke manne a ciki ya yar, ko ya bar ramin lasifika a buɗe, ko ya ɗaura ƙofar da ba ta da na'urar, yana iya hana jakar iskar aiki bai sani ba. In na'urar ce babu, fitilar gargaɗi za ta kama a gaban direba, maganin da wasu ke yi mata kuwa shi ne a liƙe ta da baƙin salatif. Haka nan ba a taɓa wayoyin jakar iska, waɗanda galibi bakinsu rawaya ne, sai an cire batir an jira ɗan lokaci, domin wuta takan saura a cikin na'urar. Duk wannan ba ya cikin lissafin noti huɗu.

Kunyar launi

Akwai wani abu da ya fi jahilci ɓarna a wannan harka, shi ne kunya. Mai mota ba ya son a ga jar ƙofa a jikin farar mota. Abokai za su yi masa tsiya, fasinja zai ce motar ta taɓa haɗari, mai saye zai karya mata kuɗi. Saboda haka in aka ajiye masa ƙofa biyu, lafiyayya mai wani launi da kuma mai launin motarsa wadda aka buga aka shafe, da yawa ta biyun za su ɗauka. Wasu ma sukan fasa sauyawar gaba ɗaya, su kai tsohuwar wurin mai bugun bodi ya gasa ta da wuta, ya miƙe ta, ya cike lotsawar da fila, mai fenti ya rufa asiri.

A nan ne masu sauya ƙofa suke da gaskiya, kuma ya kamata a ba su ita. Ƙaramar lotsawa a fallen waje aikin mai bugun bodi ce, babu laifi. Amma sandar cikin ƙofa da ƙarfe mai tauri na musamman ake yin ta, wuta kuma tana kashe wannan tauri. Sandar da ta lanƙwashe aka gasa aka miƙe, siffarta ce ta dawo, ƙarfinta ya tafi. Shi ya sa kamfanonin ƙera motoci ke cewa a sauya irin wannan sashe, kada a miƙe shi. Ƙofar da sandarta ta taɓu ta gama aiki, komai kyan fentin da za a yi mata.

Gane ƙofar da aka yi wa kwalliya ba shi da wuya. Mayen ƙarfe yana kama ƙarfe, ba ya kama fila mai kauri. A bi jikin ƙofar da shi, inda ya saki akwai labari. A cire allon ciki a haska fitila a ga sandar: in ta karkace, ko akwai baƙin wuta ko sabuwar walda a bakinta, a bar ta. A duba ƙasan ƙofar inda ramukan fitar ruwa suke, domin nan tsatsa ke fara ci, kuma busasshen laka a ciki alama ce ta motar da ambaliya ta taɓa shanyewa. A kuma karɓi rasit mai sunan shago, domin kasuwar kayan hannu ba ta rasa na sata, doka kuwa ba ta ƙyale wanda ya karɓi kayan sata da saninsa ba. Jar ƙofa lafiyayya a jikin farar mota ba abin kunya ba ce. Fenti ana iya yin sa bayan kaka, in kuɗi ya samu.

Hujjojin ɗaya ɓangaren

Hujja ta farko ita ce talauci, kuma ba ƙarya ba ce. A ranar 1 ga Janairu 2017 gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, abin da ya taɓa jiha irin Kebbi mai iyaka da Nijar da Benin. A Mayun 2023 aka cire tallafin mai, wata guda bayan nan aka saki naira. Dalar da ake canzawa a kan kusan naira 460 a hukumance ta haura 1,500 a farkon 2024. Duk abin da ke zuwa daga waje ya bi ta. Direban da ke kai balas kullum ba shi da rarar da zai yi wasa da ita. Amma a duba inda tsimin yake. Kuɗin ƙofar dai an riga an biya, ko wa zai ɗaura. Abin da ake gudu shi ne ladan saiti, wanda shi ne mafi ƙanƙanta a lissafin. A ajiye shi kusa da kuɗin jinyar mutum ɗaya a asibitin Sir Yahaya da ke Birnin Kebbi ko asibitin koyarwa na Sakkwato, a ga wanne ne tsimi. Garin neman gira ake rasa ido.

Hujja ta biyu: ai Turawa ma da kansu suke gyara motocinsu, ga bidiyonsu nan. Haka ne. Amma mai bidiyon yana da littafin motar da ke faɗin iyakar ƙarfin da za a ɗaure kowane noti, yana da sifana mai auna wannan ƙarfi, ya sayi ƙofar da lambar shasi, kuma kowa a motarsa yana da kujera da bel. Bayan haka akwai mai duba aikinsa. A Birtaniya, tun 1960 ake gwajin lafiyar motoci, kuma a yau motar da ta shekara uku sai ta je gwajin duk shekara. Cikin abin da ake dubawa har da ko ƙofa tana kamawa sosai kuma tana buɗuwa. Wanda ya kwaikwayi hannun Bature ya bar sauran tsarin da ke kewaye da hannun, rabin darasi ya ɗauka.

Hujja ta uku: kanikawan ma da ka suke yi, me ya sa za a biya su? A cikinsu akwai masu yin haka, babu musu. Amma wannan dalili ne na mai mota ya san abin da zai tsaya a kai ya duba, ba dalili ne na ya zama na biyu mai yi da ka ba. Mai bugun bodin da ya shekara goma yana rataya ƙofofi, idonsa yana ganin ratar da mai mota ba zai gani ba.

Hujja ta huɗu ita ce mafi ƙarfi: motata ce, da kuɗina na saya, ina da ikon taɓa ta. Gaskiya ne, kuma ikon yana nan har zuwa lokacin da wani ya zauna a gefen ƙofar. Matar da ta biya kuɗin mota daga Maiyama zuwa kasuwar Jega da goyo a baya ba a shawarce ta a kan hinji ba. Ɗalibin da ya shiga daga Aliero bai ga sandar ƙofar ba. Sun biya ne a kan amana. Haka ma yaran gida da ake kai wa makaranta, waɗanda ke wasa da hannun ƙofa. Ɗan makullin hana yara buɗewa da ke gefen ƙofar baya, mutum nawa ne ke gwada shi bayan sun sauya ƙofa?

Abin da ya rage a yi

Ba hana mutane taɓa motocinsu ake nema ba, kuma ba mai iya hanawa. Mai motar gida da ya samo ƙofar ƙirar motarsa sak, ya duba sandarta, ya yi wa hinji alama, ya samu mataimaki, ya cire batir, ya mayar da ledar ciki da robar baki yadda suke, zai iya yin aikin. Sharaɗin shi ne kafin ya ɗauki kowa ya tabbatar da abu huɗu: ƙofar tana rufuwa da tura ɗaya ba tare da an ɗaga ta ba, ana jin kamu biyu, tana buɗuwa daga ciki da waje, domin ranar gobara ko faɗawa ruwa hannun ciki ne hanyar fita, kuma babu fitilar gargaɗi da ta kama. In ɗaya ya gaza, aikin bai ƙare ba, sai a kai wa wanda ya iya.

Motar haya kuwa hukuncinta daban ne, kuma wurin zartar da shi ita ce tasha. Shugabannin ƙungiyar direbobi ta NURTW sun san kowace mota da ke layi, suna da ikon hana ta lodi a kan kuɗin tikiti. Ikon nan ya isa ya hana lodi ga motar da aka ɗaure ƙofarta da igiya ko robar taya, ko aka sa mata sakatar ɗaki, ko wadda ba ta buɗuwa daga ciki. Gwajin bai kai minti ɗaya ba. Jami'an Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, da jami'an VIO, in sun tsayar da mota suna duba takardu, jan hannun ƙofa huɗu ba zai ƙara musu wani aiki ba. Jami'ar kimiyya da fasaha da jiha ta kafa a Aliero a 2006 da kwalejin fasaha ta Waziri Umaru da ke Birnin Kebbi suna da malaman da za su iya tara masu bugun bodi da masu wayarin na kwana biyu, su nuna musu abin da ya canza a cikin ƙofofin motocin yanzu. Kanikawan da suka koyi sana'a a kan Peugeot 504 ba su yi laifi ba don ba su san na'urar matsin iska ba. Laifin na wanda ya sani ne bai koyar ba.

Fasinja ma yana da nasa. Ya biya kuɗi, yana da damar ya ja hannun ƙofa kafin mota ta tashi, in ta ƙi buɗuwa ya sauka ya jira ta gaba. Za a yi masa dariya, za a ce ya cika tsoro. Amma ranar da mutum uku suka sauka daga mota ɗaya saboda ƙofa, washegari direban zai kwana a gareji, kuma ba zai sake cewa noti huɗu ne kawai ba.